Garin da Kowa Ya San Wanda Ya Yi Kisan

Littafin binciken kisa, irin wanda marubutan Ingila suka ƙware a kai tun daga labaran Sherlock Holmes har zuwa na Agatha Christie, yana tafiya ne bisa wani alkawari tsakanin marubuci da mai karatu. An tsinci gawa, ba a san wanda ya yi aika-aikar ba, sai wani mai kaifin basira ya bi sawu har ya gano shi, hukuma ta kama shi, jama'a su kwanta da kwanciyar hankali. Alkawarin yana tsayawa ne a kan abu ɗaya, wato idan gaskiya ta fito, doka za ta karɓe ta. A jihohin kudu na ƙasar Amurka wani reshe na wannan adabi ya tsiro a wurin da wannan sharaɗi bai cika ba, kuma fiye da shekara 120 ke nan marubuta suna kokawa da abin da hakan ya haifar.

Sai an san yadda garin yake kafin a gane labaran. An haramta bauta a 1865, amma da sojojin tarayya suka janye daga kudu a 1877, tsofaffin iyayen gijin bayi suka dawo da ikonsu ta hanyar dokokin wariya da ake kira Jim Crow. A 1896 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plessy da Ferguson, ta halatta raba farar fata da baƙar fata a jirgin ƙasa, daga nan abin ya game makaranta, asibiti, gidan abinci, famfon shan ruwa, har maƙabarta. Ƙaramin garin noman auduga yakan kasance da kotu a tsakiyarsa, da gunkin sojan kudu a gabanta, da layin dogo wanda ya raba unguwar farare da ta baƙaƙe. Shugaban 'yan sandan gunduma, wanda suke kira sherif, zaɓensa ake yi. 'Yan juri, wato mutum 12 da ke yanke ko wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba, daga rajistar masu zaɓe aka fi ɗebo su. Harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu da tsoron bindiga kuwa sun share sunayen baƙaƙe daga wannan rajista. Saboda haka mai kamawa, da mai tuhuma, da mai yanke hukunci, da mai buga labarin a jarida, duk daga ɓangare ɗaya na layin dogo suke fitowa. A irin wannan gari gano mai kisa shi ne aiki mafi sauƙi. Wahalar ita ce wa zai iya buɗe baki ya faɗa, kuma idan ya faɗa, wa zai saurare shi, sannan ya kwana da ransa.

Mark Twain ne ya fara taɓa wannan jijiya, da littafinsa Pudd'nhead Wilson na 1894, ko da yake ya mayar da labarin baya zuwa zamanin bauta, a wani ƙagaggen gari mai suna Dawson's Landing a bakin kogin Misisipi. Wata baiwa, Roxy, wadda fatarta fara ce sol amma doka ta ƙirga ta baƙa saboda kashi ɗaya cikin 16 na jininta, ta musanya jaririnta da na ubangidanta don kada a sayar da nata. Ɗan nata ya girma a matsayin magajin gida, ya lalace da caca, ya kashe alƙalin da ya riƙe shi. Lauyan da gari ya raina, wanda ke tara zanen yatsun mutane a kan gilashi, shi ya tona asirin a gaban kotu, kuma wannan yana cikin labaran farko da aka warware kisa da zanen yatsa. Abin da ya biyo bayan hukuncin ne ya sa littafin bai mutu ba. Da aka gane mai kisan bawa ne, sai masu bin marigayin ubangidansa bashi suka ce ai dukiya ce, ba za a ɓata ta a kurkuku ba. Gwamna ya yi masa afuwa, aka sayar da shi. Twain ya nuna tun da wuri cewa ilmi yana iya gano gaskiya tsaf, doka kuma ta karɓe ta ta yi amfani da ita wajen ƙara ƙulla zalunci.

A daidai wannan lokaci wata baƙar 'yar jarida a Memfis, Ida B. Wells, tana yin binciken da 'yan sanda suka ƙi yi. A 1892 aka fito da wasu baƙaƙe uku daga kurkuku aka harbe su, cikinsu har da amininta Thomas Moss, kuma asalin rigimar shi ne kantinsu ya janye wa wani farar fata masu ciniki. Wells ta shiga tattara labaran kisan taron dangi ɗaya bayan ɗaya, tana amfani da alƙaluman jaridun farare da kansu, ta nuna cewa zargin fyaɗe, wanda ake kafa hujja da shi kullum, ko ambatonsa ba a yi ba a mafi yawan kashe-kashen. Aka farfasa maɗaba'ar jaridarta, ba ta sake komawa garin da zama ba. Ni a ganina ita ce uwar wannan adabi duka, ko da ba ƙagaggen labari ta rubuta ba. Cibiyar Tuskegee ta ƙirga mutum 4,743 da aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙaƙe ne.

Wanda ya ɗauki wannan ilmi ya zuba shi a ƙagaggen labari shi ne Charles W. Chesnutt, baƙar fata da ya tashi a Karolina ta Arewa. A watan Nuwamba na 1898 farare ɗauke da makamai suka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar hukumar garin Wilmington, suka ƙona ofishin jaridar baƙaƙe, suka kashe mutane da yawa. Shekara uku bayan haka Chesnutt ya fitar da The Marrow of Tradition. A tsakiyar littafin akwai kisa: wani saurayi ɗan manyan farare, wanda bashin caca ya yi wa katutu, ya shafa baƙi a fuska, ya sa tufafin Sandy, baran kakansa, ya je ya yi wa wata tsohuwa mai kuɗi fashi, ta mutu. Kafin gari ya waye an kama Sandy, an fara tara itacen ƙona shi. Kakan ya gano gaskiya, ya kai ta wurin manyan gari. Suka yarda a saki Sandy, amma da sharaɗin ba za a ambaci sunan ɗansu ba, domin mutuncin launinsu ya fi musu jinin tsohuwar. Duk ginshiƙan da marubutan baya suka yi gini a kai suna nan tun 1901: baƙin da aka ɗora wa laifi, mai laifin da ke cikin gida, da taron manya da ke yanke shawarar iyakar gaskiyar da gari zai ji. Littafin bai yi kasuwa ba. Masu sharhi farare suka ce ɗacinsa ya yi yawa, kuma bayan ƙarin littafi ɗaya a 1905 Chesnutt ya koma ga sana'arsa ta rubuta bayanan kotu. Abin yana min ciwo, domin littattafan da suka yi suna daga baya a kan wannan batu ba su kai shi faɗin gaskiya ba.

Shekarun 1930 da 1940 sun kawo shari'ar Scottsboro a Alabama, inda aka tuhumi samari baƙaƙe tara da fyaɗe a 1931, aka yanke wa takwas hukuncin kisa cikin 'yan kwanaki, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki har sau biyu. Farare 'yan kudu masu lamiri suka fara rubutu. Erskine Caldwell ya fitar da Trouble in July a 1940, labarin sherif da ke neman tafiya kamun kifi don kada kisan taron dangi ya ɓata masa siyasa. Lillian Smith ta fitar da Strange Fruit a 1944, aka hana sayar da shi a Boston.

Sai William Faulkner, mutumin garin Oxford na Misisipi, wanda a 1948 ya rubuta Intruder in the Dust. A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin wannan littafi ne ya kafa sifar da aka yi ta kwaikwayo. Lucas Beauchamp dattijo ne baƙar fata mai gonar kansa, jikan wani farar fata mai bayi, mutum mai taurin kai da ya ƙi rusuna wa kowa. An same shi tsaye a kan gawar Vinson Gowrie, ɗan wani dangi na farare mafaɗata, da bindiga a aljihunsa wadda ba a daɗe da harbawa ba. Gari ya gama yanke hukunci, ana jiran a wuce ranar Lahadi ne kawai. Lauyan da ya zo kare shi ma bai tsaya jin ta bakinsa ba, ya fara lissafin yadda zai amsa laifi a sassauta masa. Lucas ya lura da haka, sai ya kira ɗan 'yar'uwar lauyan, yaro ɗan shekara 16 mai suna Chick, ya ce masa a je a tone kabari a duba harsashin, ba na bindigarsa ba ne.

Su wa suka je tonon kabari da tsakar dare? Yaron, da abokinsa baƙar fata Aleck Sander, da wata tsohuwa farar fata 'yar shekara 70, Miss Habersham. Faulkner ya gane wani abu a nan: manyan maza farare, masu iko da ilmi, sun riga sun sha ra'ayin garinsu sun ƙoshi, ba sa iya ganin abin da ke gabansu. Sai yara da tsofaffin mata, waɗanda ba a lissafa su, su ne idonsu yake buɗe. A cikin kabarin suka tarar da gawar wani mutum dabam. Daga ƙarshe ta bayyana ɗan'uwan mamacin ne ya kashe shi a kan satar katako. Taron da ya cika dandalin kotu yana jiran jini ya watse, kowa ya shiga motarsa, ba wanda ya tsaya ya ce wa Lucas yi haƙuri. Shi kuwa ya zo ofishin lauya ya biya dala biyu, yana ƙirga tsabar kuɗi, ya tsaya sai an ba shi rasit. Ba ya son ya ci bashin alherin kowa.

Amma littafin yana da tabo. Faulkner ya cika bakin lauyan da dogayen jawabai cewa kudu ce za ta gyara kanta da kanta, kada arewa ta tsoma baki. A 1956 shi da kansa ya shawarci masu fafutukar 'yanci su bi a hankali, marubuci baƙar fata James Baldwin kuma ya mayar masa da martani mai zafi, yana tambayar har yaushe wanda ake takawa zai jira mai taka shi ya gama shawara da zuciyarsa. Wannan tabo ya bi adabin har tsawon shekaru: baƙar fata shi ne ke cikin hatsari, amma labarin na tarbiyyar ruhin farar fata ne.

Rayuwa ta zo ta fi littafi muni. A watan Agusta na 1955 wani yaro ɗan shekara 14 daga Shikago, Emmett Till, ya je hutu wurin dangi kusa da ƙauyen Money a Misisipi. Aka ce ya yi wa matar mai kanti, Carolyn Bryant, fito. Mijinta Roy Bryant da ɗan'uwansa J. W. Milam suka zo cikin dare suka ɗauke shi daga gidan dattijo Mose Wright. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaura masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya. Mahaifiyarsa Mamie ta ce a bar akwatin a buɗe duniya ta gani, mujallar Jet ta buga hoton. A kotun garin Sumner, Mose Wright ya miƙe tsaye ya nuna mutanen da yatsa, abin da baƙar fata bai saba yi ya kwana a Misisipi ba, kuma bai daɗe ba ya bar jihar. Sherif ɗin gundumar kuwa shaida ya ba masu kare waɗanda ake tuhuma, yana cewa wataƙila gawar ba ta yaron ba ce. Baƙaƙe ne suka fi yawa a gundumar, amma babu ko ɗaya a rajistar zaɓe, don haka babu ko ɗaya a juri. Cikin minti 67 aka sallami mutanen biyu. A watan Janairu na 1956 suka karɓi kuɗi daga mujallar Look suka ba da labarin yadda suka yi kisan, sun san doka ba ta yarda a sake gurfanar da su a kan laifi ɗaya ba. Daga wannan shekara duk wanda ya zauna rubuta labarin kisa a ƙaramin garin kudu, da wannan shari'a a ransa yake rubutawa.

Littafin da ya fi kowane shahara ya fito a 1960: To Kill a Mockingbird na Harper Lee, 'yar garin Monroeville a Alabama. Ya ci kyautar Pulitzer a 1961, an sayar da fiye da kwafi miliyan 30, fim ɗinsa na 1962 ya ba Gregory Peck kyautar Oska. Lauya Atticus Finch yana kare Tom Robinson, wanda aka zarga da yi wa wata farar yarinya fyaɗe. Hujjar a fili take: an doki yarinyar a gefen dama na fuska, aikin bahago ke nan, hannun hagu na Tom kuwa injin auduga ya nakasa shi tun yana yaro, uban yarinyar kuma bahago ne. Baƙaƙe suna zaune a benen kotu suna kallo, juri ya ce Tom ya yi laifi, daga baya masu gadin kurkuku suka harbe shi. Lee ta san abin da take faɗa, domin mahaifinta lauya ne, kuma a 1919 ya kare wasu baƙaƙe biyu, uba da ɗa, aka rataye su duka.

Ina girmama littafin, ya buɗe idon miliyoyin yara. Sai dai Tom Robinson kusan ba shi da murya a cikinsa, ba mu shiga gidansa mun zauna ba, ba mu san abin da yake tunani a kurkuku ba. Kuma akwai abin da ya faru a garin marubuciyar wanda ya isa ya hana kowa yin alfahari da wuri. A 1986 aka kashe wata budurwa farar fata a wani shagon wanki a Monroeville. Bayan watanni ba a kama kowa ba, sai aka cafke Walter McMillian, baƙar fata mai sana'ar sare itace, wanda aka san ya yi hulɗa da wata farar mace. Mutane da dama sun shaida cewa a lokacin kisan yana gida ana suyar kifi don tara kuɗin coci. An kai shi sashen masu jiran kisa tun kafin a yi shari'a. Shari'ar ta ɗauki kwana ɗaya da rabi, juri ya ba da shawarar ɗaurin rai da rai, alƙali ya ture ya ce kisa. Sai a 1993 lauya Bryan Stevenson ya fito da shi, bayan ya nuna shaidun ƙarya aka shirya. Garin da ke shirya wasan kwaikwayon Atticus Finch kowace shekara don masu yawon buɗe ido, shi ne ya yi wannan.

Babban sauyi ya zo a 1965, shekarar da aka sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe, shekara ɗaya bayan dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a. John Ball, farar fata ɗan arewa, ya rubuta In the Heat of the Night, ya miƙa binciken a hannun baƙar fata. An tsinci gawa a kan titi, ɗan sanda ya je tashar jirgin ƙasa ya ga baƙo baƙar fata da kuɗi a aljihu, ya kama shi ba tambaya. Ashe Virgil Tibbs ƙwararren ɗan sandan ciki ne mai binciken kisa, ya fi duk wanda ke ofishin sanin aiki. A littafin daga Kalifoniya ya fito, garin kuma yana Karolina ta Kudu. Fim ɗin 1967 ya mayar da garin Misisipi, ya ƙara wa Tibbs zafi. Wurin da kowa ke tunawa shi ne inda wani attajirin manomin auduga ya mari Tibbs, Tibbs ya rama nan take a gaban shugaban 'yan sanda. Sidney Poitier, wanda ya fito a matsayin Tibbs, ya ƙi yarda a ɗauki fim ɗin a can kudu, domin a 1964 'yan ƙungiyar farare ta Ku Klux Klan sun bi shi da mota shi da mawaƙi Harry Belafonte a Misisipi, don haka akasarin aikin a garin Sparta na Ilinoi aka yi shi. Fim ɗin ya ci Oska biyar, a bikin da aka ɗage da kwana biyu saboda kisan Martin Luther King a watan Afrilu na 1968.

Duk da haka Tibbs baƙo ne. Ba shi da uwa ko gona a garin, yana gama aiki zai hau jirgi ya tafi, kuma sai da ya fi kowa ilmi da ladabi da tsafta kafin a ba shi abin da ake ba kowane farar fata kyauta. Mai kisan ma wani talaka ne mai sayar da abinci, dalilinsa kuɗi, don haka manyan gari suka fita da hannunsu fes.

Afirka ta Kudu, wadda ita ma ta yi dokokin wariyar launin fata, ta haifi nata irin. James McClure ya fara jerin littattafan Kramer da Zondi a 1971 da The Steam Pig, ɗan sanda Bature da abokin aikinsa Bazulu waɗanda dole su ɓoye girmamawar da ke tsakaninsu, kuma asirin kisan yana rataye ne a kan wata mace da ke rayuwa a matsayin farar fata alhali doka ta ce ba ita ba ce. Malla Nunn ta koma shekarar 1952 da A Beautiful Place to Die a 2008, a wani ƙaramin gari kusa da iyakar Mozambik.

A Amurka kuwa, sai da baƙaƙen da suka tashi a irin waɗannan garuruwa suka karɓi alƙalami kafin labarin ya tsaya da ƙafarsa. Ernest J. Gaines an haife shi a 1933 a unguwar ma'aikatan wata gonar rake a Luwiziyana, ya tafi Kalifoniya yana ɗan shekara 15 saboda babu makarantar sakandaren da za ta karɓe shi a yankinsu. A 1983 ya fitar da A Gathering of Old Men, wanda a wurina shi ne gwanin wannan fage. An harbe wani farar fata mai zalunci a ƙofar gidan wani dattijo baƙi. Kafin sherif ya iso, tsofaffi kusan 18 sun hallara, kowa da bindigar farauta iri ɗaya, kowa ya harba harsashi iri ɗaya, kowa yana cewa shi ya yi kisan. Sherif ya mari wannan ya mari wancan, ba wanda ya janye. Kowane tsoho ya kawo dalilinsa: ɗan da aka lakaɗa wa duka asibiti ya ƙi karɓa, 'yar'uwar da aka ci wa mutunci, gonar da aka ƙwace. Gaines ya kifar da tsarin binciken gaba ɗaya. Mai bincike yana neman mutum ɗaya, sai ya tarar da tarihin shekara 70 na laifuffukan da ba a taɓa buɗe musu fayil ba, kuma masu ba da shaida su ne mutanen da suka yi shiru tsawon rayuwarsu, suna jin kunyar shirun.

Barbara Neely ta zo ta wata ƙofa a 1992 da Blanche on the Lam. Jarumarta 'yar aikin gida ce a Karolina ta Arewa, wadda ta tsere daga kotu bayan an yanke mata kwana 30 a kan cekin da bai biya ba, alhali waɗanda ta yi wa aiki ne suka hana ta haƙƙinta. Ta ɓuya a gidan wasu attajirai tana dafa musu abinci, aka fara mutuwa a kewayen gidan. Makaminta shi ne ba a ganinta. Masu gida suna magana a gabanta kamar tana cikin kayan ɗaki, ita kuwa ita ke wanke tufafinsu, ita ke kwashe shararsu, kuma tana da 'yan'uwa masu aiki a kowane babban gida na garin. Ba ta da inda za ta kai ƙara, domin ita ma nemanta ake yi, saboda haka bincikenta na ceton kai ne.

A gefe guda kasuwa ta ci gaba da son tsohon salo. Fim ɗin Mississippi Burning na 1988 ya ɗauki kisan masu fafutuka uku, Chaney da Goodman da Schwerner, wanda aka yi a gundumar Neshoba a 1964 da hannun mataimakin sherif, ya mayar da jami'an FBI jarumai, baƙaƙen da suka yi gwagwarmayar kuma suka zama 'yan kallo. A Time to Kill na John Grisham, 1989, ya dawo da farar fata lauya a tsakiyar fage. Kotunan gaske sun fi jinkiri: sai 1994 aka ɗaure wanda ya harbe ɗan fafutuka Medgar Evers a 1963, sai 2005 aka ɗaure Edgar Ray Killen a kan kisan Neshoba.

Marubutan wannan ƙarni sun gaji wata tambaya sabuwa. An cire allunan wariya, baƙar fata yana iya ɗaura lambar hukuma. Lucius Amerson ya ci zaɓen sherif a Alabama tun 1966. To, me ke faruwa da mutumin da ke aiki da dokar da aka gina don danne kakanninsa? Attica Locke ta ɗora wannan nauyi a kan Darren Mathews a Bluebird, Bluebird na 2017, jami'i baƙar fata da aka tura wani ɗan ƙauye a gabashin Teksas inda aka tsamo gawa biyu daga ruwa, baƙin lauya daga Shikago da farar mace 'yar garin. Farare ba su yarda da shi ba saboda fatarsa, baƙaƙe ba su yarda da shi ba saboda lambarsa, shi kuma yana ƙaunar ƙasar nan, ya ƙi yarda a ce ba tasa ba ce. S. A. Cosby ya bi wannan hanya a 2023 da All the Sinners Bleed, inda baƙar fata na farko da ya zama sherif a wata gundumar Bajiniya ya wayi gari aikinsa ya haɗa da tsare masu zanga-zangar kare gunkin sojan kudu.

Percival Everett ya koma tushen da kansa. The Trees, wanda ya fito a 2021, a ƙauyen Money yake faruwa. Ana tsintar gawawwakin zuriyar waɗanda suka kashe Emmett Till, kuma kusa da kowace gawa akwai gawar wani baƙar fata mai kama da yaron, wadda ke ɓacewa daga ɗakin ajiye gawa ta sake bayyana a wani wurin. Littafin yana sa dariya mai ɗaci, amma zuciyarsa tana gidan wata tsohuwa da ta yi shekaru tana tara fayil na kowane mutum da aka kashe ta hanyar taron dangi, da wani malami da ya zauna yana kwafe sunayen da fensir ɗaya bayan ɗaya. Aikin Ida B. Wells ne ya dawo a cikin ƙagaggen labari, kuma Everett bai yi wa mai karatu alkawarin cewa kama mutum ɗaya zai rufe wannan lissafi ba.

A ranar 29 ga Maris 2022 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta mayar da kisan taron dangi laifin tarayya, aka sa mata sunan Emmett Till, bayan ƙudurori kusan 200 sun faɗi a majalisa cikin fiye da shekara 100. A watan Yuni na wannan shekarar dangin yaron da masu taya su bincike suka gano, a ɗakin ƙasa na kotun gundumar Leflore, takardar sammacin kama Carolyn Bryant da aka rubuta tun 1955 ba a taɓa aiwatar da ita ba. A watan Agusta juri ya ƙi gurfanar da ita. Ta mutu a watan Afrilu na 2023, kuma har yau ba a hukunta kowa a kan kisan Emmett Till ba.